Gejin kira a API na dandalin sada zumunta: tambayoyin da masu rubuta manhaja a Yamai suka fi yi

Na daɗe ina rubuta ƙananan manhajoji a nan Yamai, ga gidajen rediyo masu zaman kansu, da ƴan kasuwa, da ƙungiyoyin manoma. Da wuya aiki ya zo hannuna ba a ce a haɗa shi da Facebook ko WhatsApp ko Telegram ba. Ƙannenmu da suka shigo sana'ar daga baya, wasu daga Jami'ar Abdou Moumouni, wasu kuma da waya da megar dare suka koya, kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe, tambayoyinsu ma kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan tare da amsar da nake ba su. Alƙaluman kamfanonin nan suna sauyawa, don haka ranar da za ka fara aiki ka buɗe takardunsu ka duba abin da ke rubuce a ranar.

Mene ne gejin kira, kuma don me ake sa shi?

API ƙofa ce da kamfani ya buɗe don manhajarka ta yi magana da uwar garkensa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansa, kai tsaye, ba sai mutum ya zauna yana danne-danne ba. Duk lokacin da manhajarka ta ce "ba ni saƙonnin wannan shafi" ko "wallafa mini wannan hoto", kira ɗaya ke nan. Geji kuwa shi ne adadin kiran da aka yarda ka yi cikin wani ƙayyadadden lokaci. Twitter ta daɗe tana yanka lokacin nan minti 15-15 tun fitowar API ɗinta na 1.1 a 2012. Mastodon, idan mai uwar garken bai taɓa saitin ba, kira 300 ne cikin minti 5. YouTube da yini take ƙirgawa.

Wanda ya taɓa tsayawa a famfon unguwa lokacin bazara ya san dalilin. In aka bar ɗan ga-ruwa ɗaya ya jera jarkokinsa arba'in, sauran jama'a sai su wuni. Amma kare uwar garke daga nauyi dalili ɗaya ne kawai. Akwai hana masu watsa saƙonnin banza, akwai hana kwashe bayanan mutane da yawa lokaci guda, wanda Facebook ta tsananta a kai bayan tonuwar badaƙalar Cambridge Analytica a 2018, sannan akwai kuɗi, domin abin da aka ƙayyade shi ake iya sayarwa.

Ta yaya zan gane cewa geji na buga, ba wata matsala ba ce?

Ka karanta amsar da aka dawo maka da ita, dukanta. Lambar da aka ware wa wannan hali a HTTP, wato ƙa'idar da manhaja da uwar garke ke magana da ita, ita ce 429, wadda aka shigar cikin ƙa'ida a 2012 a takardar RFC 6585. Kafin nan Twitter 420 take bayarwa. Telegram da X (sabon sunan Twitter) da Mastodon duk 429 za su ba ka.

Sai dai ba kowa ke bin wannan hanya ba, kuma nan yara da yawa ke ruɗewa. YouTube 403 take bayarwa tare da kalmar quotaExceeded, sai mutum ya ɗauka an ƙwace masa izini ne, ya shiga sake mabuɗi, wato lambar sirrin da manhajarsa ke shiga API da ita. A Facebook ainihin lambar tana can cikin jikin amsar: 4 na nufin manhajar gaba ɗaya ta kai gejinta, 17 na nufin wannan mai amfani ne ya kai nasa, 32 kuma ta shafi kiran da ya danganci shafuka. Idan 401 ka gani, shaidar shigarka ce ta mutu ko ba daidai take ba, kuma jira ba zai gyara ta ba ko ka kwana. Idan 500 ce ko 503, ciwon na gidansu ne. Kowace daga cikin waɗannan maganinta daban, shi ya sa nake jin zafin manhajar da ke haɗa su duka a kwando ɗaya ta rubuta "an sami matsala".

Akwai hanyar sanin saura nawa kafin in kai gejin?

Akwai, kuma kyauta ce, tana zuwa tare da kowace amsa, mutane ne ba sa dubawa. A goshin amsar X, wato layukan bayani da ke zuwa a samanta, za ka ga x-rate-limit-limit, da x-rate-limit-remaining, da x-rate-limit-reset: nawa aka ba ka, nawa ya rage, yaushe za a sake cika maka. Facebook tana turo X-App-Usage, wanda ke nuna kaso cikin ɗari na abin da ka ci ta fuska uku: yawan kira, da lokacin da kiran ya ɗauka, da wahalar da injinsu ya sha. Ka lura da wannan na ƙarshe. Kira kaɗan masu nauyi suna iya kai ka 100 alhali adadin kiran bai kai ko rabi ba. Ni da na ga ɗaya daga cikin ukun ya haura 80, sai manhajata ta rage gudu da kanta.

Akwai tarko a wajen agogo. Lambar da X ke bayarwa ta lokacin sake cikawa ƙirgen sakan ce tun daga 1 ga Janairun 1970 bisa agogon UTC, mu kuma a Nijar muna gaba da awa ɗaya, rani da damina. Wanda ya cakuɗa su zai jira awa guda a banza, ko ya koma da wuri a sake korarsa. Sannan ƙananan na'urori irin tsofaffin Raspberry Pi ba su da batirin agogo, in aka ɗauke kuran suka tashi kafin rezo ya kama, lokacinsu ba daidai yake ba. Mafi aminci shi ne ka ɗauki lokacin da ke goshin Date na amsar kanta, ka debe shi daga lokacin sake cikawa, ka jira bambancin.

A kan wa ake ƙirgawa: manhajata, ko mai amfani, ko layin intanet ɗina?

Yana iya zama kowanne, wani lokaci duka uku a tare. A Facebook gejin manhaja yana tafiya da yawan jama'arta: kira 200 a awa, a ninka da adadin masu amfani da ita. Ma'ana sabuwar manhajar da kai kaɗai ke gwada ta, kasonta ɗan kaɗan ne, kuma lokacin gwaji ne aka fi yawan kira. Kar wannan ya tsorata ka.

Ƙirge kan adireshin IP ya fi cutar da mu fiye da mutanen Turai. Kamfanonin salula sukan tara dubban masu waya a bayan adireshi ɗaya na waje, don haka in dandali yana ƙirga kiran da ba shi da shaidar shiga bisa adireshi, kana iya tarar da wani da ba ka sani ba a Harobanda ko Talladje ya cinye kason kafin ka farka. Maganin shi ne duk kiranka ya tafi da shaidar shiga, kuma ya fito daga uwar garkenka. Kar ka taɓa cusa mabuɗin API cikin manhajar da ake saukewa a waya. Ana iya tono shi cikin ƴan mintoci, wanda ya tono kuwa da sunanka zai ci kason.

Na sami 429. Me zan yi nan take?

Ka tsaya. Na san hannu yana ƙaiƙayin a sake gwadawa, amma takardun Facebook da kansu sun faɗa cewa ci gaba da kira bayan an kai geji yana ƙara tsawon lokacin da za a riƙe ka. In an gaya maka tsawon jiran, ka bi shi. Goshin Retry-After yana zuwa da adadin sakan ko da kwanan wata da lokaci, Telegram kuma tana sa retry_after cikin jikin amsar.

In ba a faɗa ba, sai ka yi ja da baya mai ninkuwa: sakan 1, sai 2, sai 4, sai 8, har zuwa wani rufi da ka sa, misali minti 5. Bayan gwaji shida ko bakwai ka ajiye aikin gefe, ka rubuta shi a kundin kurakurai, mutum ya duba. Ka kuma ƙara ɗan lokaci na ƙuri'a a kan kowane jira, ta yadda ba za a sami biyu da suka yi daidai ba. Dalili kuwa, in ma'aikata ashirin na manhajarka, wato sassanta da ke kira a lokaci guda, suka ci karo da geji a sakan ɗaya, kuma duka suka jira sakan 4 cif, to a sakan ɗaya za su sake dira ƙofar, kamar fasinjoji da suka hango mota ɗaya a tashar Wadata. Haka kuma aikin da ke tashi duk awa, kar ka sa shi a kan minti na 00 inda duk duniya ta sa nata. Ka zaɓi minti na 7 ko na 23.

Duk lokacin da aka maido kuran ko rezo ya dawo, sai a toshe ni. Me ke faruwa?

Wannan tambayar tamu ce ta nan gida, ba za ka same ta a takardun kamfanonin ba, domin wanda ya rubuta su bai san watan Afrilu a Yamai ba. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da hanya ta yanke ayyuka suna ta taruwa, da ta buɗe sai su fita gaba ɗaya kamar an ɓalle ƙofar garke. Ya taɓa faruwa da ni a aikin wani gidan rediyo. Na'urar tana buronsu, aka ɗauke kuran tun hantsi, da aka maido bayan la'asar ta kwashe duk labaran da suka taru ta watsa cikin ƙiftawar ido. Aka riƙe shafin, labaran yamma ba su fita ba, kuma laifin nawa ne, don ban sa mata linzami ba.

Linzamin shi ne layi da randa. Duk abin da zai fita, ya fara shiga layin da ke rubuce a faifai, ko a Redis ko a tebur ɗin SQLite, yadda mutuwar na'ura ba za ta shafe shi ba. Sannan ka ɗauka akwai randa da famfo ke ɗiga a ciki da gudu ɗaya, kowane kira sai ya ɗebi moɗa guda kafin ya fita, in randa ta ƙafe kowa ya jira. Girman randar shi ne iyakar abin da zai iya fita a tare, ɗigar famfon kuma ita ce gudunka na yau da kullum, ka saita ta ƙasa da gejin kamfanin kaɗan. Randar ɗaya tak za a yi wa dukan ma'aikatan manhajar. In kowa da tasa, jimillarsu za ta haura gejin. Ka kuma sa wa kowane aiki wa'adi, domin sanarwar taron ƙarfe 11 ba ta da amfani ƙarfe 5 na yamma.

Akwai ɗan'uwan wannan matsala. Ka aika saƙo, rezo ya yanke kafin amsa ta iso, ba ka san ya shiga ko bai shiga ba. In ka sake aikawa ido rufe, mutane su ga abu biyu, ka kuma ci kaso biyu. Ka ba kowane aiki lambarsa, ka rubuta "an tura, ba a tabbatar ba", in hanya ta dawo ka fara dubawa kafin ka maimaita.

Yaya zan rage yawan kira ba tare da manhajar ta rage amfani ba?

A nan mafi yawan maganin yake. Duk manhajar da aka kawo mini tana kukan geji, da wuya in duba ban tarar tana tambayar abin da ta riga ta sani ba. Ka yi rumbu, wato wurin ajiye amsar da ka riga ka samu. Sunan shafi da hotonsa ba sa sauyawa duk minti, ka ajiye su yini guda. Adadin masu bin shafi, awa ɗaya ta isa. In mutum 500 suka buɗe manhajarka don ganin saƙonnin shafi ɗaya, kira ɗaya ya kamata ya tafi, sauran 499 a ɗebo musu daga rumbu. Kuma ranar da aka toshe ka, rumbun nan ne zai rufa maka asiri: ka nuna abin da ke ciki, ka rubuta a ƙasa "an sabunta ƙarfe 9:40".

Sai ka daina ɗebo tsohon kaya. X tana da since_id, ka ba ta lambar saƙo na ƙarshe da ka gani, ta ba ka sababbi kawai. Inda ake ba da ETag, wato tambarin amsar da aka ba ka, ka mayar da shi a kira na gaba, in babu sabon abu a ce maka 304, megarka ta huta. Ka nemi adadi mafi yawa da aka yarda a ba ka a kowane kira, ka kuma ambaci filayen da kake so kaɗai. Hattara da abu ɗaya: Facebook ta yarda ka ɗaure kira har 50 a ƙunshi guda, amma wajen ƙirgen geji kowanne kansa yake ci. Ƙunshin yana rage zirga-zirga a kan rezo mai rauni, wannan kaɗai ne amfaninsa.

Ana ta ce mini in koma webhuk. Dole ne?

Ka yi lissafi da kanka. Manhajar da ke leƙawa duk sakan 5 ta ga ko an yi sabon sharhi tana yin kira 17,280 a yini, ko da sharhi goma kacal aka yi. Da webhuk kai ne ke zaune, dandalin ya ƙwanƙwasa maka ƙofa in wani abu ya faru. Facebook da Instagram da Telegram duk suna da shi, a API na WhatsApp kuwa ta nan kaɗai saƙonnin mutane ke iso maka.

Sharaɗinsa shi ne adireshi na fili mai HTTPS da ba ya barci, wanda kwamfutar buro a Yamai ba za ta iya zama ba saboda abin da na faɗa a amsar kuran. Ka kama hayar ƙaramar uwar garke, takardar tsaron kuma Let's Encrypt na ba da ita kyauta. Da saƙo ya iso ka amsa da lamba 200, wato "na karɓa", nan take, ka jefa shi a layi, aikin ya biyo baya. In ba ka da halin haya tukuna, Telegram ta yarda da dogon jira ta getUpdates, inda kira ɗaya ke zama a buɗe har saƙo ya zo. Ba a haɗa shi da webhuk a bot ɗaya, sai ka zaɓi guda.

Kason YouTube ɗina yana ƙarewa kafin azahar. Ina yake tafiya?

Bincike ne ke cinye shi. Ana ba kowane aiki maki 10,000 a yini, amma kira ba farashinsu ɗaya ba: search.list maki 100 ne, videos.list da playlistItems.list kuwa maki 1. Bincike 100 kawai, ka gama. Galibin masu wannan kuka sababbin bidiyon wata tasha suke nema, ta wa'azi ko ta labarai ko ta kokawa, kuma wannan ba ya buƙatar bincike sam. Kowace tasha tana da jerin abin da ta ɗora, ka karanta shi da playlistItems.list, 50 a kira ɗaya, da maki 1.

Ana sake cika kason da tsakar daren agogon yammacin Amurka. A wajenmu ƙarfe 8 na safe ke nan daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma ƙarfe 9. Wanda ya sa manyan ayyukansa ƙarfe 6 na safe yana tsammanin sabon kaso, ragowar na jiya yake ci.

Ƙungiyarmu tana son aika farashin albasa ga mambobi dubu uku kowace safiya. Telegram ko WhatsApp?

Masu harkar albasar Galmi da sauran kasuwannin jihar Tawa sun sha kawo wannan. Ta fuskar geji Telegram ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: kimanin saƙo 30 a sakan ga mutane daban-daban, kusan ɗaya a sakan ga mutum guda, 20 a minti cikin zaure ɗaya. In ka saita randarka a 25, mutum 3,000 minti biyu ne. In ma saƙon iri ɗaya ne ga kowa, ka buɗe tasha ka wallafa sau ɗaya, an wuce wurin.

Amma mambobin suna WhatsApp, kuma da yawansu saƙon murya suka fi so, wannan ita ce gaskiyar ƙasarmu. A API na WhatsApp gudun aikawa, wato saƙo 80 a sakan, ba shi ne zai dame ka ba. Abin da zai tare ka shi ne adadin mutanen da aka yarda ka fara yi wa magana cikin awa 24, wanda sabon shiga ke farawa da 250, sai an tantance kasuwancin kuma an ga mutane ba sa ƙorafi a ɗaga shi. Saƙon da kai ka fara dole ya bi samfurin da Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, ta amince da shi, kuma ana biya. In mutum ne ya fara rubuto maka, kana da awa 24 ka amsa masa yadda kake so. Saboda haka nake ba ƙungiyoyi shawara su juya abin: a koya wa mambobi su turo kalma ɗaya da safe, bot ya mayar musu da farashin. Wanda yake so shi ke tambaya, ba mai toshe lambar don an dame shi.

Me zai hana in buɗe asusu biyar in riƙa juya mabuɗansu?

Kar ka yi. Ƙa'idojin X da Meta da YouTube duk sun hana buɗe manhajoji da yawa don aiki ɗaya da nufin zagaye geji, kuma gane hakan ba shi da wuya a wurinsu: adireshi ɗaya, salon kira ɗaya, katin biya ɗaya. In suka kama, ba mabuɗi ɗaya suke kashewa ba, suna iya haɗawa da asusunka da duk abin da ke rataye da shi. Haka nan manhajojin bayan fage da ke sarrafa WhatsApp na waya kamar mutum ne ke dannawa. Suna aiki har ranar da za a rufe lambar, kuma lambar ta Alhajin da ya ba ka aiki ce, wadda abokan cinikinsa daga Agadas har Kwatano suka sani shekara goma. Amanar da ya ba ka ta fi ƙarfin wannan caca.

Abin da ya halatta daban ne: kowane mai amfani ya shiga da asusunsa ta OAuth, ya ba manhajarka izini, a ƙirga kiransa a kansa. Wannan ita ce hanyar da aka gina don manhaja ta girma.

Gaskiya ne API na X ya daina zama kyauta? Ya cancanci a biya?

Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, a Fabrairun 2023 aka sanar da ƙarshen API na kyauta yadda aka san shi. Tsarin da ya fito a Maris ɗin shekarar ya bar matakin kyauta na wallafa saƙo 1,500 a wata, kusan ba karatu, sai matakin dala 100 a wata mai karanta saƙo 10,000. Daga baya aka ƙaro na dala 5,000, a 2024 kuma na dala 100 ya koma 200. Dala 200 ta haura jika 100 na sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42. Tsarin kuɗin ya ci gaba da sauyawa bayan nan, ka duba na ranar kafin ka yi wa kowa alkawari. Reddit ma ta bi sahu a 2023, har manhajar Apollo, wadda mutum ɗaya ya gina kuma jama'a ke ƙauna, ta rufe a ƙarshen Yunin shekarar don ba za ta iya biya ba.

A ganina, ga yawancin ayyukan Nijar bai cancanta ba, domin jama'armu suna Facebook da WhatsApp da TikTok. Darasin da na ɗauka daga 2023 shi ne zanen aro ba ya rufe katara. Ka gina manhajarka yadda kowane dandali zai zama reshe da ake iya cirewa, jerin mambobi da rubuce-rubuce kuma su zauna a rumbunka, tare da wata hanyar isa ga mutane, ko SMS ce.

Ni ɗaliba ce, ina son tattara rubutun Hausa da Zabarmanci don kundin digirina. Ta ina zan bi?

Ƙanwata, kin zo a lokaci mai wuya, gara in faɗa miki tun yanzu. Twitter ta buɗe wa masu bincike hanya ta musamman a 2021, saƙo miliyan 10 a wata kyauta, aka rufe ta a 2023. CrowdTangle, wanda ƴan jarida da masu bincike ke bin shafukan Facebook da shi, Meta ta kashe shi ranar 14 ga Agustan 2024, ta maye gurbinsa da Meta Content Library, wanda sai an nema ta hannun jami'a ko cibiyar bincike. Ki sa malamin da ke duba aikinki ya shige gaba, ki fara neman da wuri.

Kafin nan ki auna abin da kike buƙata da gaske. Sharhin da ke ƙarƙashin bidiyon YouTube ana karanta shi da maki 1 a kira, kuma akwai Hausa mai yawa a wurin. Tashoshin Telegram na fili da Wikipedia ta Hausa, wadda ake sauke ta dungurungum kyauta, su ma hanya ce. Ki rubuta manhajar tattarawar yadda za ta riƙa ajiye inda ta tsaya bayan kowane shafi, don in kuran ya katse ta a dare na uku ta ɗora daga nan. Aikin haƙuri ne tun asali: ko a zamanin da Twitter ke kyauta, jerin mabiyan mai mutum miliyan ɗaya kira 200 ne, ana ba da 15 a minti 15, sama da awa uku ke nan.

Tunda rumbu na rage kira, in ajiye komai har abada?

A'a. Abin da ke rumbunka maganar mutane ce da sunayensu da lambobinsu. Dandalin suna sharɗanta cewa in mutum ya goge saƙonsa kai ma ka goge, Meta kuma tana neman ka nuna hanyar da mutum zai bi ya ce a share bayanansa. A gida ma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Ka ajiye abin da aikin ke buƙata, ka sa masa ranar mutuwa, sauran ka riƙe lambar saƙon kawai.

Mai aikin yana ganin ni ne na kasa. Yaya zan fahimtar da shi?

Tun ranar ciniki ake wannan magana, kafin a karɓi kuɗin somin-taɓi. Ni nakan ce: "Alhaji, rumfar nan da za mu kafa a kasuwar wasu take. Su ke faɗin ƙarfe nawa ake buɗewa da kaya nawa ake shigarwa a yini, kuma suna iya sauyawa ba su shawarce mu ba." Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan. Sai in rubuta a takardar yarjejeniya adadin saƙon da tsarin zai iya fitarwa a yini, da cewa kuɗin dandalin a kansa yake, da cewa gyaran da sauyin dokarsu ya jawo aiki ne sabo. Asusun kuma da sunansa ake buɗewa, ni a ƙara ni a matsayin mai aiki.

Ka kuma yi masa ɗan allo da zai gani da idonsa: saƙo nawa suka fita, nawa ke layi, ƙarfe nawa za a ci gaba. Hajiyar da ta ga "saura 140, za a ci gaba ƙarfe 3:15" ba za ta kira ka sau goma ba.

Na yi duk wannan, har yanzu kason bai isa ba. Ana ƙarawa?

Ana ƙarawa, amma sai ka zo da hujja. YouTube tana da takardar neman ƙari, kuma sai sun binciki manhajar sun ga tana bin ƙa'idojinsu. A Meta hanyar ita ce tantance kasuwanci da duba manhaja, inda za a nemi takardun rajista, irin su RCCM da NIF, sunan da ke jikinsu kuma ya dace harafi da harafi da wanda ka rubuta a asusun. Bambancin rubutun suna tsakanin takarda da asusu yana mayar da mutane baya fiye da yadda ake zato. Za a nemi shafin da ke bayyana yadda kake riƙe bayanan mutane, da ɗan bidiyon da ke nuna manhajar tana aiki.

Kafin ka nema, ka tara kundin mako biyu ko uku: kira nawa a awa, zuwa wace ƙofa, nawa rumbu ya ɗauke, sau nawa aka ba ka 429. Ka kuma gwada manhajar da uwar garken ƙarya a kwamfutarka, wadda ke mayar da 429 da gangan, wani lokaci da Retry-After wani lokaci babu, tana kuma yanke hanya a tsakiyar amsa kamar yadda rezonmu ke yi. Amsar neman ƙarin tana iya ɗaukar makonni, don haka in aikin na watan azumi ne ko na buɗe kasuwar albasa, ka shigar da takardun wata biyu kafin lokacin.